Amsa ga mai tambaya kan sassan holdin

Wallahi ɗan uwa da na ga ka ce sunayen sassan holdin, wato zagayen jira da jirgi ke yi a sama, sun cakuɗe maka, har ba ka san inda ake danna agogo ba, kaina na tuna. Ni ma a nan na sha wuya.

Ka ɗauke shi kamar filin sukuwa. Fiks shi ne turkenka, VOR ne (tashar rediyo da ke ƙasa mai yi wa jirgi jagora) ko wani wuri da aka ba ka, duk zagayen da za ka yi nan za ka dawo. Kana tsallake shi ka karya dama, sai dai in kwantirola, mai kula da zirga-zirgar jirage, ya ce hagu, digiri 3 duk sakan, wato 180 a minti guda. Miƙaƙƙen layin da ke nisanta ka shi ne awutbawun, mai dawo da kai inbawun. Abim kuwa lokacin da fiks ya zo saitin fiffikenka kana fita, a nan ake danna agogo don ƙirga lokacin awutbawun.

To ni a kan fiks na danna. Ina gama juyi minti ya cika, na sake karyawa, na koma kamar yaro mai wasan hajijiya. Malamin da ke koya min tuƙi yana zaune gefena ya naɗe hannu, bai ce uffan ba sai da na yi zagaye uku, muna sauka ya tara ɗalibai ya zana ƙwallo a allo wai ga holdin ɗina, aka yi ta dariya, harda waɗanda ko solo, wato tashi su kaɗai, ba su yi ba. Kuɗina fa nake biya! Kalma ɗaya da ya faɗa a sama ta isa. Daren nan ko abinci ban ci ba, har yau in na tuna raina na ɓaci. In naka irinsa ne ka nemi canji, kar ka ji kunya.

Inbawun ake so ya cika minti 1 a tsayin ƙafa 14,000 zuwa ƙasa, minti ɗaya da rabi sama da haka, awutbawun kake ragewa ko ƙarawa saboda iska. Gyaran iskar da ka yi a inbawun, wato digirin da ka karkata hancin jirgi, ka ninka shi uku a fita. Hanyar shiga holdin kuma uku ce, dairek, faralel da tiyadirof mai digiri 30, amma bar su tukuna.

Ni da sanda na zana shi a tsakar gida, na sa buta a matsayin fiks, ina takawa ina kiran sunayen da ƙarfi har Hajiyarmu ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Yi naka zanen ka turo in duba maka inda ka sa abim.