Amsoshin Tambayoyinku: “Naka Sai Naka”, Kalmar Arne da Wasan Taubasai

Wata malamar makaranta ta rubuto daga Tawa tana tambaya ko karin maganar nan “Naka sai naka, daɗin zama sai bare” ƙabilanci take koyarwa, domin ta ji wani mai gidan haya ya kafa hujja da ita wajen hana wani Bazabarme ɗaki.

Malama, wannan mutumi ya tsinke maganar ne ya riƙe rabin da ya yi masa daɗi. Bare shi ne wanda ba ku haɗa jini ba, kuma kalmar ba ta ɗauke da ma'anar ƙiyayya ko kaɗan. Kashin farko yana magana ne a kan ranar wuya, wato ranar ciwo ko rasuwa ko bashin da ya sha kai, inda ɗan'uwa ne ake sa ran zai tsaya ko da kuwa ba a ga-maciji. Kashi na biyu kuwa yabon bare ne, domin tsakaninka da shi akwai kunya da kara, babu rikicin gado, babu ƴan'ubanci. Da mai gidan ya ƙarasa maganar, da Bazabarmen zai fara bai wa ɗaki. Ki kuma lura cewa iyakar “naka” ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. A kasuwar Tawa, Ba'adare yana iya kallon Bagobiri a matsayin bare. Idan suka haɗu a Yamai sai su zama Hausawa, in kuma neman abinci ya kai su Kwatano, to har Bazabarmen nan ɗan gida ne da za su ci tuwo kwano ɗaya.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Wani ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya ce a unguwarsu ana kiran maƙwabcinsu Kirista “arne”, kuma da ya nuna rashin jin daɗi sai aka ce masa ai haka Hausa ta ce. Yana son sanin gaskiyar lamarin.

Ɗana, Hausa ba ta ce haka ba. Arne, jam'insa arna, wanda a Adar da ƙasar Arewa ta Dogonduci ake cewa azna, wasu kuma su ce anna, suna ne na Bahaushen da ya tsaya a kan addinin gargajiya na kakanninsa, mai tsafi da yanka ga iskoki, kamar yadda a ƙasar Kano ake cewa Maguzawa. A da sunan bai zama zagi a ko'ina ba, tunda har sarautar Sarkin Arna akwai, kuma a garuruwa da yawa su ne ake ɗauka masu ƙasa na asali, waɗanda ake jira su yi buɗin daji kafin a shiga farauta. Har yau aznan Masalata, kusa da Birnin Ƙwanni a jahar Tawa, suna gudanar da al'adarsu ta shekara-shekara. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, wadda kuma ƴan Nijar ke alfahari da ita, sarauniyar azna ce. Saboda haka ɗora wannan suna a kan Kirista kuskure ne a harshe, kuma a addini ma Musulunci ya san su da Ahlul Kitabi, Hausa kuma tana da kalmar Kirista wadda su da kansu suka yarda da ita.

Abin da ya sa aka shimfiɗa kalmar har ta rufe duk wanda ba Musulmi ba shi ne, jama'a idan ta ƙanƙame kanta takan so suna guda da za ta tara sauran mutane a cikinsa. Da zarar sunan ya zauna, sai mutum ya daina ganin tela ko likita ko maƙwabcin da ya zo masa ta'aziyya, ya koma ganin taro mara fuska, wanda laifin ɗayansu ya zama na dukkansu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mun ga inda yake kaiwa. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ya jawo aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, alhali Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. A Toda ta jahar Maraɗi, a 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Ba kalma ce ta kunna wutar ba, amma ita ce take sauƙaƙa wa zuciya ta daina jin tausayi. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifar juna da munanan laƙabi, kuma ita za ka fara tuna wa dattawan unguwarku cikin ladabi.

Wani mai sana'ar dukanci a Tawa kuma ya tambaya: in haka ne, me ya sa Bafulatani zai kira Babarbare bawansa a gaban jama'a a yi dariya, ba a ce ya yi zagi ba?

Malam, wannan shi ne taubasantaka, kuma tana da sharuɗɗa. Asalinta tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ne, wato ƴaƴan wa da ƙanwarsa, sannan aka faɗaɗa ta zuwa ƙabilu, kamar Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa. Dole ne ɓangarorin biyu su san da alaƙar, kowa yana da damar ramawa, fushi haramun ne, kuma wanda ya tsokane ka da safe wajibi ne ya tsaya maka idan ka shiga uku da yamma. Shi ya sa a watan cika-ciki taubasai ke bin juna kuɗin shara, shi ya sa kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Wanda ya jefi mutumin da babu wasa tsakaninsu da sunan ƙasƙanci, ko ya taɓa addininsa ko iyayensa, sannan ya ce wasa yake yi, gori ya yi, kuma wanda aka yi wa yana da haƙƙin ya nemi a ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji.