Ku Tambayi Masu Saƙa: Wace Kibiya Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Daga Garwa nake. Ina so in saƙa wa jaririn ƙanwata hula da riga kafin sanyin Disamba, amma a kasuwa na tarar da kibiyoyi kala-kala. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zare za ki fara zaɓa, shi ne zai gaya miki kibiyar. Ki duba takardar da ke naɗe da ƙullin ulu, akwai hoton kibiyoyi biyu a gicciye da lamba, wato kaurin kibiyar a milimita. Siririn zaren jarirai yana son 2.5 zuwa 3, matsakaici 4, mai kauri 5 zuwa 6. In kibiya ta yi wa zare ƙanƙanta, saƙar takan yi tauri har ta gurje fatar yaro. In ta yi girma, sai ta fito da ramuka, iska na shiga.

Kafin ki fara rigar, ki saƙa ɗan gwaji ki aza tef a kai. Zare matsakaici da kibiya 4 yakan ba da kusan ido 22 (ido shi ne kowane madaukin zare da ke kan kibiya) a faɗin santimita 10. In naki ya wuce haka, hannunki na matsewa, ki ƙara kaurin kibiya da rabin milimita. In bai kai ba, ki rage. Mata da yawa na ganin gwajin nan ɓata lokaci ne, sai rigar ta ƙi shiga kan yaro.

Ga mai koyo mun fi son kibiya ta gora, domin tana riƙe zare. Ta ƙarfe tana da santsi da sauri, amma idanu kan zame. Kibiya mai igiya, wato kibiyoyi biyu da igiya ta haɗa, ta santimita 80 tana da daɗi wajen bargo, sai dai ko ta 40 ta yi wa hular sabon haihuwa tsawo. Ki saƙa hular a shimfiɗe, ki haɗe bayanta da basilla marar tsini. Ƙulli ɗaya mai giram 50 ya ishi hula har da saura. Na riga kuwa ki saya gaba ɗaya masu lambar rini iri ɗaya, don launin kan ɗan bambanta.

Sauran kaya: ƙaramin almakashi, kwarashi na ɗauko idon da ya zame, da jaka mai zif saboda ƙurar hunturu. Zoben alama, wanda ake sa wa a kibiya don gane wuri a cikin saƙa, kada ki kashe masa kuɗi, guntun zare mai wani launi ya wadatar.

Tambaya: Anti, daga Kuseri. Na goge suwaita, ta saki ta yi ƙyalli. Akwai gyara?

Amsa: Babu, ƙanwata. Da alama zarenta akirilik ne, dangin roba, zafin dutsen guga ya narkar da shi. Ta gaba ki wanke da ruwan sanyi, ki matse a cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa. Kada ki rataye ta, nauyin ruwa zai ja ta.