Yadda ake gano ɓarakar hujja a tambayoyin LSAT

Ɗan'uwa, ka ce a LSAT, jarrabawar neman shiga makarantar koyon aikin lauya a Amurka, idan ka karanta hujjar da aka ba ka a tambaya kana jin akwai ɓaraka a cikinta, amma da ka zo kan zaɓi sai amsoshi biyu su yi maka kama ka rasa na ɗauka. Ba kai kaɗai ba ne. Kuma dole ka dage, domin tun watan Agustan 2024 sassa biyu cikin uku da ake ba maki a LSAT na auna hujja ne, kowanne minti 35.

A shekarun da na yi ina taimaka wa masu shirin jarrabawar, abin da na fi gani shi ne gaggawa. Mutum bai gama da hujjar ba ya riga ya faɗa kan zaɓuɓɓukan nan biyar. Dakata tukuna. Nemo matsayar da marubucin yake so ka yarda da ita, sannan dalilan da ya kafa ta a kai. Dalilan nan ka karɓe su yadda suke, ko da kana ganin ba gaskiya ba ne. Abin dubawa shi ne ko sun isa su kai ka ga matsayar.

Kuskure na farko, a ce: garuruwan da suka fi yawan 'yan kwana-kwana sun fi yawan gobara, saboda haka 'yan kwana-kwana ke ƙara gobara. Abin dariya, ko? To ai babban gari ne ke da yawan gidaje, da yawan gobara, da yawan masu kashe ta. Zuwan abu biyu tare bai sa ɗaya ya haifi ɗayan ba. A jarrabawa irin wannan zai zo a lulluɓe da batun magani ko tattalin arziki, sai ka ga ya wuce ka.

Na biyu da ke kayar da mutane: duk wanda ya ci jarrabawa ya yi karatu, wance ta yi karatu, don haka za ta ci. Karatun sharaɗi ne, amma bai wadatar ba. Sauran, kamar sukar mai magana a bar maganarsa, ko yanke hukunci kan jama'a daga mutum kaɗan, da wuya su ɓuya maka.

Kafin ka leƙa zaɓi, faɗi ɓarakar da bakinka. Idan biyu suka rage, tambayi kowanne: shin marubucin ya aikata wannan? Sau da yawa amsar tarko tana bayyana kuskure na gaske, sai dai ba shi aka yi a hujjar da ke gabanka ba. Koma ka nuna jumlar da aka yi shi da yatsa. In ba ka same ta ba, soke zaɓin.