Injin niƙa kofi na hannu yana fitar da gari haɗe da tsaki: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin niƙa kofi na hannu, Hario Skerton, mai haƙoran tangaran. Idan na matse shi don niƙa mai laushi ba laifi, amma da na sassauta don barza sai wani ya fito gari luƙui, wani kuma manyan tsaki. Kofin sai ya zo da ɗaci da tsami a haɗe. Haƙoran zan canja, ko akwai gyaran da zan iya yi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar haƙoran nan tukuna, ba su ne masu laifi ba. Matsalar tana ga sandar ƙarfen da ke juya su.

Haƙoran injinka biyu ne: na waje mai kamar zobe da ke zaune daram, da na ciki mai tsini da ke juyawa. A tsohon samfurin Skerton, daga sama kawai aka riƙe sandar, ƙasanta kuwa yana reto. Idan ka matse, zoben waje ne ke tallafe na ciki, shi ya sa ba ka ganin matsala. Da ka buɗe, sai ƙwayar kofi mai tauri ta ture haƙorin gefe guda: nan ya tsuke ya yi gari, can ya wangale ya saki tsaki. Garin yana saurin ba ruwa duk abin da ke cikinsa har da ɗaci, tsakin kuma bai gama bayarwa ba aka tace, sai tsami. Ka ga inda dandano biyun suka fito.

Gwada da kanka. Zazzage injin, ka kifa shi, ka taɓa haƙorin ciki da yatsa. In ya yi girgiɗi, magana ta ƙare.

Babban gyara shi ne a ba sandar mariƙi na biyu daga ƙasa. Akwai wani ɗan faranti na ƙarfe mai rami a tsakiya da ake yi musamman don wannan injin, ana ɗaure shi daf da haƙoran. Kamfanin ma da ya fitar da Skerton Pro, wannan reton ne ya magance. Sai dai wurin ɗaurawa ne mutane ke ɓata aikin. Kada ka ƙulle sukurori tun farko. Bar su sako-sako, ka matse haƙorin ciki har ya zauna tsakiyar zoben da kansa, sannan ka riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sai na daura da shi. Bayan haka ka ɗaga injin a haske, ka juya hannun a hankali. Ratar da ke tsakanin haƙoran ya kamata ta zama ɗaya ko'ina. Farantin da aka ɗaure a karkace, wallahi gara babu shi, domin zai dawwamar da karkatar ne. Kuma ka sassauta hannu, tangaran yana tsagewa.

In faranti bai samu ba, naɗa siririn tef irin na masu aikin famfo a inda sandar ke wasa cikin raminta. Yana rage girgiɗi, amma yana cinyewa, sai kana sabuntawa, kuma kada ya kai inda kofi ke bi. Wasu suna ƙara ɗan sifirin da zai riƙa danna haƙorin ƙasa, wasu su sa noti mai roba a ciki maimakon zoben saiti, wato wanda ake juyawa a matse ko a sassauta haƙoran, don ya daina kwancewa. Duk suna taimakawa, amma bayan an tsayar da sandar.

Hannunka ma yana da rabo. Ajiye injin a kan tebur, ka riƙa juyawa da gudu ɗaya ba fizga. Ni ban yarda da haɗa shi da injin huda don ya riƙa juya shi ba. Tsakuwa ɗaya a wannan gudun ta isa ta fasa haƙori.

Ko bayan duk wannan, za ka ga ɗan gari, domin haka nan ƙwayar kofi take fashewa. In yana toshe maka takardar tacewa, zuba abin da ka niƙa a rariya mai ƙananan idanu, ka girgiza sau kaɗan kafin ka zuba ruwa.