Tambaya da Amsa: Mu 'yan sa kai ne, ya za mu kashe gobara mu fito lafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake rubutowa a ƙaramar hukumar Ringim. Mu samari ne muka haɗa ƙungiyar sa kai, saboda duk hunturu sai wuta ta cinye mana rumbuna da danni, kuma kafin 'yan kwana-kwana su iso daga gari komai ya zama toka. Ba mu da kayan aiki sai bokitai. Dan Allah me ya kamata mu sani, kar mu je ceto a koma ana ceton mu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri, wallahi aikin lada kuka ɗauko.

Toh abu na farko, hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Mutum zai faɗa ɗaki da ƙarfinsa yana ganin ai wutar tana can gefe, ya shaƙa kaɗan jiri ya ɗebe shi ya zube, ba wanda ya san yana ciki. Saboda haka dole ku samu mutum ɗaya da aikinsa kawai tsayuwa a waje, ya san wa ya shiga wa ya fito, in ya ce a janye kowa ya janye ba gardama. Kar wanda ya shiga shi kaɗai, in kuma hayaƙi ya turnuƙe a duƙa a yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. Ɗakin da jinkarsa ta kama ba a shigarsa saboda buhun gero ko keken ɗinki, wannan kam ban yarda ba ko kayan waye.

Ku riƙa tsayawa iska tana bayanku, kun san iskar hunturu da juyawa, kowa ya san hanyar da zai bi ya fita tun kafin a fara. Rigar leda irin ta 'yan ƙwallo da silifas ɗin roba narkewa suke su manne a fata, a sa na auduga da takalmi rufaffe. In riga ta kama kar a ruga, a kwanta a yi birgima.

Ba kowace wuta ake zuba wa ruwa ba. Fetur ɗin jarka ko man suya, ruwa watsa shi yake, yashi ko ƙasa ake zubawa. In ta lantarki ce a fara kashe lantarkin gidan. Tankar mai kuwa in ta faɗi aikinku korar jama'a nesa, mu 'yan Jigawa ba za mu manta Majiya ba, a watan Oktoba 2024 mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar mai da tankar da ta faɗi ta kama wuta.

Wanda ya ƙone a riƙa zuba masa ruwa mai tsafta wajen minti 20, banda manja, banda ƙwai da man goge baki, sai asibiti.

Tun kafin sanyi ya shigo ku share ciyawa a kewayen rumbuna, a raba tarin kara da gidaje. Sannan ku sa maigari ya rubuta muku takarda zuwa hukumar kashe gobara ta jiha ko Red Cross a zo a koya muku a aikace, ku kuma ajiye lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa, da lambar kiran gaggawa 112, a wayar kowa.