Amsa: Akwai rigar ƙarfe irin ta jaruman fim?

Malam, ka tambaya ko rigar ƙarfen da jaruman fim ke tashi sama da ita tana nan a zahiri. Babu ita. Abin da ake da shi ƙarafa ne masu inji da ake ɗaura wa mutum a ƙugu da ƙafafu. Ɗaya daga cikinsu, ReWalk, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2014, tana tayar da wanda ya ji rauni a laka, ya taka a hankali da sandunan dogarawa. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babbar matsalar batir ce: awoyi kaɗan ya ƙare, in aka ƙara masa girma nauyi ya ƙaru. Sojojin Amurka sun gwada yin sulke mai inji a shirin TALOS, suka rufe shi a 2019.