Zane na nan daram, amma tayar ta tsufa: a sauya ko a ci gaba?

Assalamu alaikum. Ina da motar janwe, Kanta mai taya shida, wadda na saya a hannun wani kamfani da ya rufe. Ta fi zama a bakin gareji a kan hawa titi, wani makon fita biyu kawai take yi. Tayoyin duk zanensu na nan, ko rabi bai ci ba. Mai facinmu ya ce za su ƙara shekara biyu ba matsala, ƙanena kuma ya dage sun tsufa. Ya nuna min wata lamba a jikin ta gaba, 2317. Kuɗin taya shida a yau ba wasa ba ne. In sauya ko in lallaɓa? — Mai janwe, Zariya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka sauya. Ƙanenka ya fi mai facin gaskiya a wannan karon, ko da yake shi ma mai facin bai yi ƙarya ba. Zane ya duba, zane kuwa nisan tafiyar da taya ta yi kawai yake nunawa, ba ya faɗin shekarunta. Waccan lambar ita ke faɗa: 23 mako ne, 17 shekara ce. Wato an ƙera tayar a mako na 23 na 2017, farkon watan Yuni ke nan. Ta haura shekara takwas.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna ɗaukar taya kamar takalmi, sai ya suɗe ake yarwa. Taya ba dunƙulen roba ba ce. Ƙarƙashin zanen akwai shimfiɗun wayar ƙarfe, ƙarƙashinsu akwai zaren da ke riƙe jikin tayar, kuma roba ce ke manne su wuri guda. Iskar da aka hura a ciki tana ratsa robar nan a hankali, dare da rana, ko motar na tafiya ko tana ajiye, tana busar da ita. Duk wanda ya taɓa mantawa da danƙon harbin tsuntsu a kan rufin kwano ya san yadda yake komawa: ka gan shi lafiya lau, kana ja ya tsinke. Haka robar da ke tsakanin wayoyin take yi. Ranar da ta saki, zanen gaba ɗaya yake ɓarewa kamar ɓawon ayaba, da kyansa da komai. Kyan ɗan maciji ke nan.

Zaman da motarka ke yi ma ba taimakonta yake ba. Masu ƙera taya suna cuɗa wasu sinadarai a cikin roba masu kare ta daga tsagewa, kuma sai taya na juyawa tana lanƙwasa suke tasowa zuwa fatarta. Wadda ke tsaye wuri ɗaya, rana na dukanta ta gefe guda, ta fi saurin tsattsagewa a kan wadda ke aiki kullum.

Sai zafi, wanda shi ne babban abin da ya bambanta mu da ƙasashen da ake rubuta ƙa'idojin nan. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda zanensu na ɓarewa a kan gudu, kuma yawancin ƙorafin daga jihohi masu zafi ya fito, irin su Tekzas da Arizona da Fulorida. To ka tuna yadda kwalta take a hanyar Zariya zuwa Kano da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu.

Shekara nawa ne haddin? Baki bai zo ɗaya ba. Kamfanin taya na Michelin ya ce daga shekara 5 a riƙa kai taya wurin gwani yana dubawa duk shekara, in ta cika 10 daga ranar ƙira a cire ta ko yaya kyanta yake. Ford ya ce wa masu motocinsa shekara 6. Jami'an hukumar kiyaye haɗura ta FRSC kuwa sun sha faɗin shekara 4 a wayar da kan da suke yi. A ganina 4 ɗin ta yi tsanani ga taya mai kyau da ake kula da ita, 10 ɗin kuma iyaka ce ta ƙarshe da aka yanka wa duniya baki ɗaya, har da inda ake sanyi rabin shekara. Motar da ke ɗaukar nauyi a zafinmu, ni daga shekara 6 nake fara tara kuɗin taya, kuma ba na barin ta wuce 7.

Na ce motar da ke ɗaukar nauyi, don janwe ba ƙaramar motar zuwa ofis ba ce. In ka ɗaga gaban wata mota, nauyin ƙafafun bayanka yake komawa, gaban naka ya yi sakayau, sitiyari ya rage kama ƙasa. Wurin aikinka kuma gefen titi ne, inda fasassun gilasai da ƙusoshi da ramuka suke, sau da yawa da dare. Nauyi na ƙara wa taya zafi, zafi kuma shi ke ƙarasa robar da ta riga ta bushe. In ta fashe, mota biyu ce a hannunka, ɗaya ma amanar mutane ce. Kuma abin kunya ne a ga janwe a gefen hanya tana jiran janwe.

Akwai abin da ya faru a Ingila da nake yawan tunawa. A watan Satumban 2012 tayar gaba ta wata doguwar bas ta fashe a kudancin ƙasar, mutum uku suka rasu har da direban. Da aka bincika, tayar ta shekara 19 da rabi, kuma zanenta bai saɓa wa doka ba. Wannan ne ya kai ga dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2021, wadda ta hana ɗaura tayar da ta wuce shekara 10 a ƙafar gaba ta manyan motocin kaya da bas-bas. Lura da inda dokar ta sa ido: ƙafar gaba. Nan ne amsar maganar kuɗinka take.

In ba za ka iya shida a tashi ɗaya ba, fara da biyun gaba, a wannan makon in da hali. Ta baya in ta fashe, akwai 'yar'uwarta a gefe da za ta riƙe motar har ka tsaya. Ta gaba ba ta da mataimaki, sitiyarin take fizgewa daga hannun direba. Bayan nan sai na baya, biyu-biyu, gefe ɗaya a lokaci guda, kuma kada tsakanin gefen farko da na biyu ya yi nisa. Kada a haɗa sabuwa da tsohuwa a gefe ɗaya: sabuwar ta fi tsayi, ita za ta ɗauke yawancin nauyin ta yi ta zafi, tsohuwar kuma tana gogar ƙasa. In tayoyinka masu tiyub ne, a sa sabon tiyub da sabuwar robar da ke shiga tsakaninsa da rim. Mutane kan sayi taya mai tsada su cusa mata tsohon tiyub mai faci biyar, su ce sun yi tattali.

Kafin ka je kasuwa, ka sa a kwance duka shidan a duba. Lambar shekara a gefe ɗaya kawai ake buga ta cikakkiya, kuma ba lallai ne dukkansu sa'o'in juna ba ne. Wataƙila ka tarar da biyu na baya-bayan nan, ka huta da kuɗinsu. A fi mai da hankali kan na ciki a ƙafar baya, waɗanda ba mai leƙa su sai ranar da suka sace. Duk wadda aka ga tsaga a cikin kwarin zanenta, ko ƙulu a gefe, ko zanen ya yi tudu da kwari in an shafa da hannu, ko tsatsa na fitowa daga wata kafa, wannan ba ta jiran albashi, yau za ta sauka. Haka in motar ta fara wata karkarwa da ba ka saba ji ba.

Kafin a kammala sauyin, direbanka ya rage gudu, ya bar doguwar tafiya da tsakar rana, ya auna iska da safe kafin motar ta motsa, da ma'auni, ba da bugun ƙarfe ba. Kada ya rage iska wai don zafi. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa da yawa ta ɗau zafi.

Roƙo ɗaya: in ka cire su, za a zo ana taya su saboda kyan zanen. Ka sayar wa masu amalanke ko masu yanka takalmi. Kada ka bari su koma ƙafar motar haya.

Malam, a shagon taya an nuna min iri biyu. Ɗaya sabuwa ce dal ba a taɓa ɗaura ta ba, amma lambarta ta nuna shekara uku ke nan da ƙera ta, an rage min kuɗi. Ɗayar 'yar Beljiyam ce mai zane sosai, ta fi araha. Hilux gare ni, ina jan tankin ruwa da ita zuwa gona, ba kullum ba. — Manomi, Gusau

Ɗan'uwa, tambayi kanka abu ɗaya tukuna: tayarka suɗewa take yi ko tsufa? Direban haya da ke Gusau zuwa Sakkwato kullum zai cinye zanen taya tun kafin shekaru su kama ta. Shi sabuwar nan mai shekara uku garaɓasa ce a wurinsa, muddin a inuwa aka ajiye ta. Kai kuwa ba zane kake saye ba, shekaru kake saye. In bakwai ne wa'adinta a wurinka, uku sun riga sun tafi a sito. Sai ragin ya kusa rabin kuɗi kafin cinikin ya zama riba, kuma ban cika ganin mai shago ya yi irin wannan ragin ba. Nemi wadda ba ta wuce shekara guda ba.

Samun tsohuwar sabuwa a kasuwarmu ba abin mamaki ba ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, tayar mota ta teku take zuwa, ta zauna a kwantena, ta zauna a sito. Wasu masu shigo da kaya ma cusa taya suke yi cikin taya don rage kuɗin jigila, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta daɗe tana kokawa a kai. Saboda haka ka shafa leɓen tayar, inda yake kama rim. In ya lanƙwashe ko ya murɗe, ajiye ta. Ka kuma duba wurin lambar shekara da kyau. In ka ga alamar an goge ko an kankare, ka san an taɓa.

'Yar Beljiyam ɗin kuwa, araha ba ta ado. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita a sace ba. Da yawansu ma tayoyin hunturun Turai ne: za ka ga hoton tsauni mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki. Robarsu mai taushi ce, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Zanen nan mai zurfi da ya ba ka sha'awa na taka dusar ƙanƙara ne.

Tunda ja kake yi, karanta lambar nauyi. Bayan girman taya akwai lamba da harafi. 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 118 kilo 1,320, 122 kilo 1,500. In ka ga biyu a jere, kamar 122/118, ta farko in tayar ita kaɗai ce, ta biyu in an jera su biyu a gefe ɗaya. Kada ka sauko ƙasa da abin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ka lissafa tankinka. Tayoyin amalanken tankin su ma suna da lambar shekara, kuma na tabbata ba ka taɓa duba ta ba.

Safayar motata tana ƙarƙashin bodi shekara 11, ba ta taɓa taka ƙasa ba, ko gashin jikinta bai faɗi ba. Zan iya sa ta cikin huɗun da ke aiki, in sayi uku kawai? — Hajiya, Kaduna

A'a, Hajiya, ki sayi huɗu. Gashin nan shaidar ba ta yi tafiya ba ce kawai. Shekara 11 tana rataye kusa da salansa, tana shan zafi da ƙura da ruwan damina, ta riga ta wuce iyakar da masu ƙera taya da kansu suka yanka. Ko a matsayin safaya ban yarda da ita ba, don ranar da za a neme ta, a kan babbar hanya ne, mota cike da iyali.

In za a cire tsofaffin huɗun, ki sa a duba lambobinsu a zaɓi wadda ta fi ƙuruciya kuma ba ta da faci a gefe, ita ta koma safaya. Ki kuma ce wa direba ya sauko da ita a gabanki ya mayar, ya shafa wa sarƙar da ke riƙe ta giris, don ta kan ci tsatsa ta ƙi kwancewa.